Yadda Ake Ɗora Wa Tsohuwar Mota Sabuwar Ƙwaƙwalwa Da Saita Ta

Tun bayan da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin mai mota a Nijeriya ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama cikin 2024, faɗuwar darajar Naira kuma ta sa motocin da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokunbo, suka fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci. Saboda haka mutane da yawa suka koma lallaɓa tsofaffin motocinsu, suna neman hanyar rage musu shan mai da tsawaita musu kwana.

A irin wannan yanayi, babu labarin da ke tayar wa mai mota da hankali kamar bakanike ya ce masa ƙwaƙwalwar motar ta ƙone. Wannan ƙwaƙwalwa ita ce ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji, wadda kanikawa ke kira biren bokis, masu ƙera motoci kuma ke taƙaita sunanta da haruffan ECU.

Idan ta lalace, hanyoyi uku aka saba bi. Ko dai a nemo wadda aka ciro daga wata mota a kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano ko Apo a Abuja. Ko a kai wa mai gyaran kayan lantarki ya buɗe ta. Ko kuma a cire injekta gaba ɗaya a ɗora kafireto, kamar yadda aka yi wa tsofaffin motocin haya masu yawa.

Akwai hanya ta huɗu da ba ta yaɗu sosai a ƙasar nan ba, wato ɗora ƙwaƙwalwar da ba kamfanin motar ne ya ƙera ta ba, wadda za a iya shirya ta ta dace da kusan kowane injin fetur. Hanya ce mai amfani ga wanda ya san abin da yake yi, amma kuskure a cikinta na iya narkar da fistin cikin 'yan daƙiƙu.

Aikin ƙwaƙwalwar mota

Injin fetur na buƙatar abubuwa uku kafin ya yi aiki: iska, mai da tartsatsin wuta. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna, kafireto ne ke gauraya mai da iska, dilko kuma ya raba wuta zuwa fulogi. Dukkansu na aiki ne da ƙarfe, sifirin da zuƙar iska, shi ya sa saitinsu ke gocewa idan suka tsufa.

Ƙwaƙwalwar mota ta karɓe waɗannan ayyuka biyu. Tana karanta bayanai daga ƙananan na'urori da ake kira sansa, ta lissafa tsawon lokacin da injekta za ta buɗe ta fesa mai, da daidai lokacin da fulogi zai ba da wuta. Tana maimaita wannan lissafi sau da yawa a kowace daƙiƙa.

Ma'aunin da take bi shi ne giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. A wannan haɗi ne mai ke ƙonewa ba tare da saura mai yawa ba. Idan mai ya yi yawa, mota ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi gawayi, kuɗi kuma ya tafi a banza. Idan mai ya yi kaɗan alhali an taka totur sosai, zafin cikin silinda ya ƙaru har ya ƙona bawul ko fistin.

Wannan fasaha ta daɗe. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin fesa mai na lantarki mai suna D-Jetronic a 1967, aka fara sa shi a motar Volkswagen 1600. A 1976 Volvo ta fara amfani da sansar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi. A 1979 kuma Bosch ya haɗa sarrafa mai da sarrafa wuta a akwati ɗaya mai suna Motronic, wanda BMW ta fara ɗorawa. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tsarin OBD-II, wato soket ɗin da ake jona na'urar binciken laifin mota a yau.

Bambancin ta kamfani da ta kasuwa

Ƙwaƙwalwar da ke zuwa da mota a kulle take. Injiniyoyin kamfani sun shirya ta don inji ɗaya, da irin man wata ƙasa, da dokokin hayaƙin wata kasuwa. Wadda ake saya daban kuwa a buɗe take. Ana jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka a ga kowace lamba da ke cikinta, a kuma sauya ta.

Nau'i uku ne ake samu. Na farko ƙaramin akwati ne da ake saƙalawa tsakanin sansa da ƙwaƙwalwar asali, ya riƙa sauya bayanan da ke wucewa. Na biyu cikakkiyar ƙwaƙwalwa ce da aka yi wa soket irin na wata mota, a zare tsohuwa a jona sabuwa. Na uku cikakkiya ce da ke zuwa da damin wayoyi, mai wayarin ya haɗa kowace waya da hannunsa. Wannan na ukun ne ya fi shafar tsofaffin motoci, musamman masu kafireto.

Cikin sanannun masu ƙera su akwai Haltech da MoTeC na Ostireliya da Link na New Zealand. Akwai kuma masu rangwame: MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka fito da ita a Amurka a farkon shekarun 2000 domin mutum ya harhaɗa da kansa, da Speeduino, wadda Josh Stewart ya gina kan allon Arduino, ya kuma bar tsarinta a buɗe ga kowa. Waɗannan biyun na ƙarshe ana saita su da manhajar TunerStudio.

Wanda aikin ya dace da shi

Aikin na da ma'ana a yanayi huɗu: idan ƙwaƙwalwar asali ta ɓace a kasuwa, idan ana son mayar da mota mai kafireto zuwa injekta, idan an ɗora wa mota injin wata motar daban, ko idan an sauya wa inji kamshaf ko an ƙara masa turbo, ta yadda lissafin kamfani ya daina dacewa da shi.

Idan kuwa inji na nan yadda kamfani ya yi shi, ƙwaƙwalwarsa kuma na samuwa, sayen irin ta asali ya fi sauƙi da arha. Ƙarin ƙarfin da sabuwar ƙwaƙwalwa za ta ba irin wannan inji bai taka kara ya karya ba, domin injiniyoyin kamfani sun riga sun ɗauki dogon lokaci suna gwada shi.

Haka nan motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau sun fi wuyar taɓawa. A cikinsu ƙwaƙwalwar inji na musayar bayanai da ta giya mai sarrafa kanta, da ta birki, da agogunan gaban direba, da na'urar hana sata, ta kan layin da ake kira CAN. Cire ta na iya sa giya ta ƙi canzawa ko agoguna su mutu.

Lafiyar inji kafin komai

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kwamfuta ba ta gyara zoben fistin da ya cinye, ba ta toshe gaskit da ke yoyo. Kafin a sayi komai, ana auna matsin kowace silinda a tabbatar babu wadda ta yi ƙasa da sauran sosai, a duba tazarar bawul, a toshe duk inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, a kuma tabbatar salansa ba ta huje ba.

Akwai al'adu biyu a garejojin ƙasar nan da ke ɓata aikin tun daga tushe. Na farko shi ne cire tamostat tare da haɗa fankar lagireto kai tsaye, bisa zaton cewa an yi tamostat ne don ƙasashe masu sanyi. An tsara yawancin injuna su yi aiki a zafin da ya kai digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin salshiyos. Idan ruwan bai kai nan ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka inji bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ƙara mai tun safe har dare.

Na biyu shi ne cire kan batir alhali inji na aiki don a gwada alteneta. A motar kafireto wani lokaci akan tsira, amma a mota mai kwamfuta hakan na iya haifar da tsallen lantarki da zai ƙona ƙwaƙwalwa nan take. Juya kawunan batir wajen jona wa mota wuta, da yin walda a jikin mota ba tare da zare ƙwaƙwalwar ba, da watsa ruwa mai ƙarfi wajen wankin inji, duk suna cikin abubuwan da ke kashe ta.

Kayan da ake buƙata

Mafi muhimmancin bayani da ƙwaƙwalwa ke nema shi ne inda kiranshaf yake a kowane lokaci. Don haka ake ɗaura wani faifan ƙarfe mai haƙora a jikin fulin gaban inji. Wanda aka fi amfani da shi na da gurabe 36, amma an cire haƙori ɗaya, ta yadda tsakanin haƙori da haƙori digiri 10 ne, giɓin kuma ya zama alamar fara ƙirga. Akwai wani mai gurabe 60 da aka cire wa biyu, wanda ya yawaita a injunan Turai. Sansar da ke karanta haƙoran sai an kafa ta kan ƙarfe mai ƙarfi da ba ya rawa, da tazarar kusan milimita ɗaya.

Sai sansar matsin iska da ake jona wa bututun shigar iska. A bakin teku, idan inji na kashe, takan nuna kilofaskal 100 ko kusa da haka. Idan lafiyayyen inji na silo, lambar kan sauka zuwa tsakanin 30 da 40, idan an taka totur har ƙasa kuma ta koma kusa da 100. Da wannan ƙwaƙwalwa ke gane nauyin da ke kan inji. Ana kuma buƙatar sansar zafin ruwa, da ta zafin iska, da ta buɗewar totur.

Sansar hayaƙi iri biyu ce. Wadda ke zuwa da yawancin tsofaffin motoci na lilo ne tsakanin kusan bolt 0.1 da 0.9, abin da take iya faɗa kawai shi ne mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Mai saiti na buƙatar mai faɗin zango, irin Bosch LSU 4.9, wadda ke nuna ainihin lambar haɗin. Ana ɗaura ta kafin matatar hayaƙi, bakinta na kallon ƙasa kaɗan don kada ruwa ya taru a kanta.

Idan motar mai kafireto ce, sai an sauya duk hanyar mai. Famfon kafireto bai kai rabin ba ɗaya na matsi ba, injekta kuwa na aiki da kusan ba 3. Wannan na nufin sabon famfon lantarki, sabuwar filta, na'urar daidaita matsi, bututun mayar da rarar mai tanki, da tiyo da aka yi musamman don wannan matsi. Tiyon kafireto da aka bari a irin wannan wuri na iya fashewa ya fesa fetur kan inji mai zafi.

Girman injekta ma lissafi gare shi. A injin lita biyu mai silinda huɗu, kowace silinda na ɗaukar rabin lita, wato kusan giram 0.6 na iska idan ta cika. Man da ya dace da wannan iska miligiram 40 ne ko kusa da haka. Injektar da ke fitar da mililita 200 a minti ɗaya za ta buƙaci buɗewa ta kusan milisakan 16, wato kashi 16 cikin 1,000 na daƙiƙa. A juyi 6,000 cikin minti, zagayen aikin silinda milisakan 20 ne kacal. Ke nan injektar za ta kasance a buɗe kashi 80 cikin 100 na lokacin, wanda shi ne kusan iyakar da masu saiti ke yarda da ita. Ƙarama da wannan ba za ta wadatar da injin ba.

Wayarin

Yawancin matsalolin da ake ɗora wa sabuwar ƙwaƙwalwa daga wayoyi suke fitowa. Saƙon da sansa ke aikawa ƙaramin lantarki ne, kuma wayoyin fulogi, kwayil da alteneta na iya gurɓata shi. Shi ya sa ake amfani da waya mai rigar kariya ga sansar kiranshaf, a nisanta ta da wayoyin wuta, a kuma sa fulogi mai rizisto.

Wayar at ta kowace sansa ana mayar da ita ne cikin ƙwaƙwalwar, ita kuma ƙwaƙwalwar a ɗaure nata at ɗin a jikin inji, a wurin da aka kankare fenti da tsatsa. Famfon mai, kwayil da injekta kowanne da fis ɗinsa da rile. Ana barin ƙwaƙwalwa ta sarrafa famfon mai, domin idan inji ya mutu a hatsari famfon ya tsaya da kansa.

Kafin a jona injekta ana auna ta da mita. Mai om 12 zuwa 16 ana iya jona ta kai tsaye, mai om 2 zuwa 4 kuwa na jan lantarki mai yawa, sai an sa mata rizisto ko an tabbatar ƙwaƙwalwar na iya ɗaukarta. Murɗa waya da hannu a naɗe ta da tef ba ya ɗorewa a hanyoyi masu gargada. Matse ta da filaya ta musamman a rufe da roba mai tsukewa ya fi. Ita kanta ƙwaƙwalwar ana ajiye ta cikin mota, nesa da zafin inji, a wuri mai tudu da ruwan ambaliya ba zai cim mata da wuri ba.

Tayar da inji karon farko

Kafin a murɗa makulli, ana shigar da bayanan inji: yawan silinda, girmansa, jerin ba da wuta, irin faifan haƙora da ƙarfin injekta. Sai a duba ko sansoshin na faɗin gaskiya. Da safe, inji na sanyi, zafin ruwa da zafin iska ya kamata su yi kusan daidai da juna. Totur ya nuna sifili idan ba a taka ba, 100 idan an taka har ƙasa.

Daga nan a cire fis ɗin famfon mai, a juya inji da sitata a ga ko kwamfuta na nuna juyi mai daidaito. Idan lambar na tsalle-tsalle, akwai matsala a sansar kiranshaf, kuma babu amfanin ci gaba sai an gyara.

Mataki na gaba shi ne wanda ba a tsallakewa. Ana umartar ƙwaƙwalwa ta tsayar da lokacin wuta a lamba ɗaya, misali digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, sannan a haska fitilar tayimin kan fuli. Idan fitila ta nuna 10, an dace. Idan ta nuna 18, sai a gyara lambar farawa har su daidaita, a kuma ƙara totur a ga ko alamar na nan daram. Wanda ya bar wannan bambanci zai yi ta saiti kan ƙarya, inji na samun wuta da wuri fiye da abin da allo ke nunawa.

Saita mai

A cikin manhajar akwai jadawali mai gidaje, sau da yawa 16 a tsaye 16 a kwance, jimilla 256. Gefe ɗaya juyin inji ne, ɗaya gefen nauyin da ke kansa. Lambar da ke kowane gida na nuna yadda silinda ke cika da iska a wannan yanayi, daga ita ake lissafa mai.

Ana fara saiti ne bayan inji ya yi ɗumi sosai. A daidaita silo, sannan tafiya a hankali, sannan matsakaicin gudu, cikakken totur ya zo a ƙarshe. A silo da tafiyar yau da kullum ana neman 14.7. A cikakken totur ana saukowa zuwa tsakanin 12.5 da 13.2, domin rarar man na sanyaya cikin silinda. Injin turbo na buƙatar mai fiye da haka.

Gyaran na da sauƙin lissafi. Idan ana neman 13 amma sansa ta nuna 14.3, mai ya gaza da kashi 10 cikin 100, don haka gidan da ke da 70 sai ya koma 77. Manhajar na iya yin wannan da kanta yayin tafiya, amma sai mai saiti ya bi ya daidaita gidajen da ke maƙwabtaka, don kada mota ta riƙa fizga.

Bayan babban jadawalin akwai ƙananan gyare-gyare: ƙarin mai wajen tayarwa, ƙarin mai kafin inji ya yi ɗumi, ɗan ƙarin da ake fesawa idan an taka totur farat ɗaya, da yanke mai idan an ɗaga ƙafa a gangara. Wannan na ƙarshen kafireto na gargajiya ba ya yin sa, kuma yana cikin hanyoyin da injekta ke rage shan mai. Saitin sanyi sau ɗaya ake iya gwada shi a rana, shi ya sa aikin kan ɗauki kwanaki.

Idan a kan titi ake saiti, mutum biyu ake buƙata, direba daban mai riƙe da kwamfuta daban, a hanyar da babu cunkoso.

Saita wuta, inda hatsarin yake

Haɗin mai da iska na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya gama ƙonewa, saboda haka ake kunna shi tun fistin bai kai ƙololuwa ba, domin ƙarfin turawa ya zo daidai lokacin da ya fara sauka. A tsofaffin injuna da yawa wuta kan fara a kusan digiri 10 a silo, ta hau zuwa 30 ko sama da haka idan juyi ya ƙaru.

Idan wuta ta makara, mota ta yi nauyi, salansa ta yi zafi, mai ya tafi. Idan ta yi sammako fiye da kima, ragowar haɗin da ke gefen silinda ya fashe da kansa, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ƙara daban take da abin da ake cewa inji ya buga, amma hanya ce ta zuwa can, domin tana farfasa gefen fistin da zobensa, tana kuma ƙona gaskit. A babban gudu kunne ba ya jin ta saboda hayaniyar inji, shi ya sa ƙwararru ke amfani da sansa ta musamman da abin sauraro.

Hanya mafi aminci ita ce kwafo lambobin dilkon asali daga littafin kamfani a fara da su. Neman ƙari kan haka aiki ne na na'urar daino, wadda ake ɗora mota a kanta ana auna ƙarfinta. Ana ƙara digiri ɗaya-ɗaya har ƙarfi ya daina ƙaruwa, sannan a ja baya kaɗan. Tun da ingancin fetur na iya bambanta daga gidan mai zuwa wani, barin rata ya fi matse inji har iyakarsa.

Daga Legas zuwa Jos

Yanayin Nijeriya na gwada kowane saiti. Jos na kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, inda matsin iska ya gaza na Legas da fiye da kashi 10 cikin 100. Kafireton da aka saita a bakin teku zai riƙa ba da mai fiye da kima a can, ƙwaƙwalwa mai sansar matsi kuwa za ta rage shi da kanta.

Zafi ma haka. Iskar digiri 45, irin wadda ake fuskanta a Sakkwato ko Maiduguri cikin bazara, ta fi ta digiri 15 ta safiyar hunturu sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100, ta kuma fi saurin jawo ƙarar fashewa. Saboda haka ake shirya ƙwaƙwalwa ta janye wuta kaɗan idan iska ta yi zafi. Jadawalin da aka sauko da shi daga intanet, wanda wani ya yi a ƙasa mai sanyi da wani irin mai, mafari ne kawai.

Batun iskar gas

Shirin Gwamnatin Tarayya na mayar da motoci amfani da iskar gas ta CNG, wanda aka ƙaddamar a 2023, ya sa wannan ilimi ya ƙara muhimmanci. Na'urorin gas na zamani na zuwa da tasu ƙwaƙwalwar, wadda ke karanta saƙon injektar fetur ta fassara shi zuwa na gas. Idan saitin fetur ya karkace, na gas ma zai karkace.

Gas na buƙatar iska kusan giram 17 ga kowane giram ɗaya, yana jure matsi fiye da fetur, yana kuma son a ba shi wuta da wuri. Ƙwaƙwalwar da ke da jadawali biyu na iya ba kowane makamashi lokacin wutar da ya dace da shi. Tukunyar gas kuwa, wadda ke ɗaukar matsin kusan ba 200, aiki ne na cibiyoyin da hukuma ta amince da su kaɗai.

Doka da lafiyar jama'a

Ikon sauya lambobi na zuwa da alhaki. A 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, kamfanin kuma ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. A Nijeriya, hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, na da ƙa'idojin 2011 kan hayaƙin motocin fetur da dizal.

Matatar hayaƙi, wadda ake yi wa laƙabi da indomi, na aiki ne kawai idan haɗin ya tsaya kusa da 14.7; mai da ya yi yawa na toshe ta ko ya narkar da ita. Cire ta kuma na ƙara gubar da fasinja, ɗan acaɓa da mai talla a bakin titi ke shaƙa.

Wanda ya yanke shawarar yin aikin zai kyauta wa kansa idan ya ajiye ƙwaƙwalwar asali da wayoyinta, ya karɓi zanen sabon wayarin a rubuce, ya kuma adana kwafin saitin a wuri fiye da ɗaya, domin bakaniken da zai karɓi motar gobe a wani gari ba zai iya karanta ta da na'urar bincike ta yau da kullum ba. Ya kuma sanar da kamfanin inshora da duk wanda zai sayi motar daga baya. Wajen zaɓen wanda zai yi aikin, tambayoyi uku sun isa a fara da su: ko yana da sansar hayaƙi mai faɗin zango, ko yana da fitilar tayimin, da kuma ko zai iya nuna motar da ya saita wadda ta shekara tana kan hanya.